Kano, Yamai ko Wagadugu: A Hannun Wa Matasan Maraɗi Za Su Koyi Ba Da Umarni a Talabijin?

A Maraɗi yau ba a rasa matashin da ya iya riƙe kamera. Masu ɗaukar biki da suna sun cika gari, daga Ali Ɗan Sofo har Zariya, wasunsu ma sun iya montaj a waya fiye da yadda manyanmu suka iya a kwamfuta. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai tsaya gaban ƴan wasa goma da ma'aikata goma sha biyar ya ce ga inda za a kafa kamera, ga inda za a yanke, ga dalili, kuma a gama aikin yini kafin rana ta faɗi. Wannan a hannun mutum ake koyonsa. Duk rigimar tana wajen a hannun wa.

Tambayar ta fi nauyi a kan waɗanda ba a saba ganinsu a kujerar darakta ba. Mata da farko. Sai yaron da ya taso a Mayahi ko Dakoro ko Gazawa, wanda ba shi da kawu a Yamai. Da Bafulatanin Bermo ko Buzun da ba Hausa ake yi a gidansu ba. Da wanda ya sauke Alƙur'ani, ya iya ajami da larabci, amma ba shi da bak. Da gurgu da kurma. Duk wanda ya daɗe yana kallon dandalin soyayya ya san yadda ake nuna waɗannan mutane idan ba su da kowa a bayan kamera: baƙauye abin dariya, Buzu maigadi, Bafulatani bai san gari ba, mace kuwa ko kishi ko kuka. Ba lallai mugunta ce ta jawo haka ba. Mai ba da umarni abin da ya sani yake nunawa, abin da bai sani ba sai ya ari hoton da ya tarar a hannun na gabansa. Wanda aka raino yau shi zai yanke irin labarin da ƴaƴanmu za su kalla gobe a tsakar gida.

Kafin in jera hanyoyin da ke gabanmu, bari in ɗauko ma'auni daga inda aka fi daɗewa ana wannan gwaji. A Amurka manyan kamfanonin talabijin sun shekara da shekaru suna da shirye-shiryen raino: a ɗauki mace, ko baƙar fata, ko ɗan wata al'umma da ba ta da yawa a sana'ar, a haɗa shi da gogaggen darakta ya riƙa bin sa wurin ɗauka, yana kallo yana rubutawa. Ƙorafin da ya yi ta fitowa shi ne mutum ya bi shiri biyu, ya bi uku, ya gama, ba wanda ya miƙa masa kashi ɗaya ya ja da kansa. Shi ya sa da tashar NBC ta sanar da shirinta na Female Forward a 2017, abin da ya bambanta shi alkawari ne guda: mata goma, kowace za ta bi darakta har kashi uku na wani shiri, sannan a ba ta aƙalla kashi ɗaya na shirin nan ta ba da umarninsa a cikin zangon. Furodusa Ryan Murphy ya kafa shirin Half a 2016, ya ware rabin kujerun darakta na shirye-shiryensa ga mata da tsiraru. Darakta Ava DuVernay ta wuce nan: shirinta Queen Sugar ya yi zango bakwai daga 2016 zuwa 2022, kowane kashi mace ce ta ba da umarninsa, mata 42 gaba ɗaya, mafi yawansu kuma wannan ne aikinsu na farko a irin wannan shiri na talabijin. Da yawa daga cikinsu sun ci gaba da samun aiki a wasu wuraren, domin yanzu suna da abin nunawa.

Ma'aunin ke nan. Yaron mota na iya shekara biyar yana ɗaure kaya yana duba ruwan inji, ya san kowane rami tsakanin Maraɗi da Ƙonni, amma muddin ba a taɓa ba shi sitiyari ba, ba direba ba ne. Duk hanyar da za a ambata a ƙasa, da wannan za a auna ta: ranar da aka sallame ka, akwai aikin da aka nuna wa jama'a da sunanka a matsayin mai ba da umarni? Tambaya ta biyu tana biye: wa ke iya shiga ƙofar tun farko?

Hanyar da yawancin ƴan Maraɗi ke bi, ba tare da sun kira ta shiri ba, ita ce ta ubangida a Kano. Kusanci ne ya jawo. Ka bi ta Ɗan Isa, ka tsallaka Jibiya, ka ratsa Katsina, ka isa Kano da sauran rana, alhali Yamai ta fi kilomita 600. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya. Masana'antar fim ta Kano, wato Kannywood, ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990, amma abin da ya shafe mu shi ne juyin da aka samu bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014. Kasuwar faifai ta mutu, fim mai dogon zango ya zama shi ne sana'ar, a tasha da kuma a YouTube. Daɗin Kowa, Kwana Casa'in da Labarina ayyuka ne da ake ɗauka wata da watanni, shekara bayan shekara. Mai koyo ba shi da gatan da ya wuce wannan, domin shirin da ba ya ƙarewa kullum yana neman hannu. A Ingila ma haka abin yake: shirin Doctors na BBC, wanda aka yi daga 2000 zuwa 2024, ya zama makarantar sabbin daraktoci saboda kusan kowace rana sai an fitar da sabon kashi, kuma da aka rufe shi ƙungiyoyin daraktoci da na marubuta sun koka cewa an toshe wa masu tasowa ƙofa.

A lokeshan za ka koyi abin da aji ba ya koyarwa. Fim mai dogon zango ba a ɗaukarsa bi da bi kamar yadda ake kallonsa. Idan an samu aron gidan Alhaji na kwana uku, duk fitowar da ke faruwa a falon nan, ta kashi na 2 da ta 7 da ta 11, a kwana ukun za a ɗauke su. Mai kontiniti ne ke riƙe da wane mayafi jaruma ta yafa, a wane hannu kofi yake, kuma a wannan fitowar ta riga ta ji labarin mijinta zai ƙara aure ko tukuna. Wanda ya yi shekara a wannan kujera ya san ginin labari ciki da bai, ya san dalilin da ya sa ba a tsallaka layin da ke tsakanin ƴan wasa biyu da kamera, ya san fitowa nawa za a iya ci a yini. Daga nan sai mataimakin darakta, mai tsara wa zai zo da wane lokaci, mai lallashin jarumin da ya makara da wanda ya gaji da jira. Nan ne kuma za ka gane bambancin daraktan fim da na talabijin. Na talabijin yana shigowa ne aikin da aka riga aka kafa: ƴan wasan sun fi shi sanin mutanen da suke fitowa a matsayinsu, an riga an zaɓi launin hoto da salon yanka, magana ta ƙarshe kuma ta furodusa ce. Gwanintarsa ita ce ya ƙara wani abu nasa ba tare da mai kallo ya ji an sauya hannu ba.

To amma idan aka ɗora wannan hanya a kan ma'auni, sai ta yi rauni daidai inda ya fi muhimmanci. Babu takarda, babu wa'adi, babu alkawari. Ranar da za ka ja kashinka na farko ita ce ranar da maigida ya ga dama, ko ranar da ya yi rashin lafiya. Akwai wanda Allah ke haɗa shi da ubangida mai son ya ga yaransa sun wuce shi, akwai kuma wanda zai tsufa yana riƙe fitila. Za ka gaji ƙwarewar maigida tare da aibinsa: idan shi bai damu da sauti ba, kai ma kunnenka zai mutu, idan shi duk labarinsa a kan kujerun falo yake ƙarewa, kai ma haka za ka zaci ake yi. Kuɗin sallama da naira ne, kuma tun faɗuwar da ta yi a 2023 wanda ya zo da sefa yana jin sauƙin zama, amma abin da zai turo gida ba ya da auki. Ga batun iyaka, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe. Ga Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, mai rajistar ƴan sana'a da duba aiki kafin a fitar, dole baƙo ya san ƙa'idojinta.

Ƙofar Kano ba ta tambayar diplom, kuma wannan falala ce babba ga almajiri da wanda ya bar lakwal tun firamare. Abin da take tambaya shi ne wa ka sani. Ga mace kuma tambayoyin sun ninka. Mata sun cika gaban kamera a Kannywood, wasu sun zama furodusoshi masu ƙarfi, marubuciya irin Balaraba Ramat Yakubu ta shirya finafinai da kanta, amma kujerar darakta har yanzu kusan duk ta maza ce. Ana ɗaukar dare, ana kwana a masauki a wani gari, bakin mutane ba ya shiru, aure kuma kan zo ya yanke aikin. Ba na cewa mace kada ta bi ta nan. Ina cewa kada ta tafi da ka, sai da sharaɗi, zan dawo kan wannan.

Hanya ta biyu ba a cika yi mata adalci ba: istaj a tashar talabijin, ko a reshen RTN na jiha ko a tashoshi masu zaman kansu irin su Ténéré, Dounia, Bonferey da Canal 3. Abin da ake koya a nan wani reshe ne daban na sana'ar, wato ba da umarni kai tsaye daga ɗakin sarrafa hoto, kamera uku ko huɗu a gabanka kana zaɓar wadda za ta fita a daƙiƙar nan. Duk wanda ya kalli kokowar Takobi a Télé Sahel ya ga aikin, ko bai lura ba. Darakta mai hankali ya san lokacin da zai bar hoton nesa don a ga ƙafafun ƴan kokowa biyu, ya san lokacin da zai juya kan makaɗa ko kan ƴan kallo, kuma ya san cewa idan ya yanke a daidai faɗuwa, ƙasa gaba ɗaya ba za ta yafe masa ba. Wanda ya iya jan gasa a filin Kantu na nan Maraɗi ya iya sana'a. Labarai, muhawara, tafsirin azumi, duk ta nan suke bi.

Rauninta biyu ne. Tashoshinmu ba su cika shirya wasan kwaikwayo nasu ba, don haka mai burin fim mai dogon zango zai iya gama istaj bai taɓa yi wa ɗan wasa magana ba. Sannan mai istaj kan ƙare a ɗaukar ƙafar kamera daga buɗe taro zuwa rufe taro. Duk da haka, ga matar aure, ko ga wanda ƙafa ba ta ba shi damar hawa da sauka a lokeshan, ban ga hanyar da ta kai wannan ba: aikin a zaune ake yi, lokacinsa sananne ne, a gida za a kwana. Yawanci ana neman takardar wata makaranta kafin a karɓe ka, amma a ƙananan tashoshi mai naci kan samu wuri.

Sai makaranta. A Yamai akwai makarantar koyon aikin jarida da sadarwa ta IFTIC, wadda yanzu ake kira ESSCOM, kuma tarihinta ya isa a tsaya a kansa. Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Abdou Moumouni, ta yi mastar ta farko a IFTIC, ta ƙarasa ta biyu a Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis ta Senegal. Fim ɗinta na 2016 a kan rashin haihuwa ya ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA, na 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya zagaya duniya. Amina Weira, wadda ta yi fim a kan ƙurar yuraniyom ta Arlit, ita ma ta Yamai da Saint-Louis ta bi. Sani Magori, ɗan Galmi, injiniyan noma ne kafin Saint-Louis ta mai da shi mai fim, daga baya har ya shugabanci cibiyar fim ta ƙasa, CNCN. Tun kafin su akwai Mariama Hima, mace ta farko da ta ba da umarni a Nijar a shekarun 1980, ita ma ta hanyar karatu ta zo. Ku lura da abu ɗaya: matan Nijar da suka kai kujerar darakta, kusan dukkansu ta makaranta suka shiga. Dalilin a fili yake. Dosiye ba ya tambayar wa ka sani, dokar shiga a rubuce take, kuma uban da ba zai taɓa barin ƴarsa ta bi ƴan fim ba zai iya barinta ta tafi karatu. A ƙarshen shekara kuma akwai fim ɗin kammalawa, mai sunanka a kai.

Sai dai ƙofar nan tana tace mutane ta wata fuskar. Sai da bak, sai da faransanci mai kyau, sai da kuɗin rajista da na haya a Yamai na shekaru. A ƙasar da UNICEF ke cewa kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jiharmu tana cikin waɗanda abin ya fi yawa, wadda ta kai ajin bak ta riga ta tsallake shingen da ya tare mafi yawan ƙawayenta. Abin yana damuna idan na tuna Oumarou Ganda, tsohon soja, ɗan dako a tashar jirgin ruwa ta Abidjan, wanda daraktan nan Bafaranshe Jean Rouch ya ja shi cikin fim, ya zo ya zama mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972. Moustapha Alassane kuwa makanike ne kafin ya koyi fim ɗin zane a hannun Norman McLaren a Kanada. Da yau suka zo, da wuya su wuce teburin rajista. Abu na biyu, ƙarfin wannan layi na Yamai da Saint-Louis a fim ɗin gaskiya yake, na bin rayuwar mutane da kamera. Yana buɗe ido, yana koyar da haƙuri da sauraro, amma ba ya koya maka cin fitowa goma sha biyu a yini. Mai son wasan kwaikwayo ya duba makarantar fim ta ISIS a Wagadugu, ko cibiyar Imagine da Gaston Kaboré ya kafa a can, ko makarantar fim ta ƙasa da ke Jos idan yana jin Ingilishi. Kafin ka biya ko dala, tambayi wane sashe ke buɗe a bana, su wa ke koyarwa, yaushe rabonsu da lokeshan, kuma kamera nawa ɗalibai ke rabawa.

Hanya ta huɗu, wato ɗakunan horo da gasa na waje, ita ce wadda ta fi kama da shirye-shiryen raino na ƙasashen waje, ita ce kuma wadda ake yawan turo sanarwarta a WhatsApp. Ouaga Film Lab, da aka fara a 2016, yana ɗaukar darakta tare da furodusansa da labarin da suke kan ginawa, a zaunar da su ƴan kwanaki da ƙwararru su warware shi su sake ɗinkawa, su koyi yadda ake gabatar da shi ga masu kuɗi. FESPACO tana da Yennenga Academy ta matasa. Akwai Talents Durban a Afirka ta Kudu. Wanda ya fi cika ma'auninmu shi ne gasar Netflix da UNESCO ta 2021 a kan tatsuniyoyin Afirka: mutum shida aka zaɓa, kowa ya samu dalar Amurka 25,000 tasa da 75,000 ta shirya fim, aka haɗa shi da gogaggen mai raino, aka kuma nuna aikin a Maris ɗin 2023. Ɗaya daga cikinsu, na Korede Azeez daga Najeriya, da Hausa aka yi shi. Raino, kuɗi, suna a kan allo, duk sun haɗu.

Amma a karanta sharuɗɗan da kyau. Gasar nan ta nemi mai shekara 18 zuwa 35 wanda ya riga ya yi aƙalla shekara biyu a sana'ar, kuma mutum shida ne daga cikin sama da dubu biyu. Irin waɗannan wurare ba sa koyar da mafari, suna goge wanda ya riga ya fara ne. Da faransanci ko Ingilishi ake cika takardunsu, kuma hankalinsu ya fi karkata ga fim ɗin da ake kaiwa bukukuwan finafinai da gasa fiye da shirin da ake kallo kowane mako. MultiChoice Talent Factory, wadda aka buɗe a 2018 da makarantu a Legas, Nairobi da Lusaka, ita ce mafi kusa da abin da muke nema: da aka fara ta wata 12 ake yi, ɗalibai 20 a kowace makaranta, komai kyauta, aikin talabijin zalla, ana kuma nuna finafinan ɗalibai a tashoshin kamfanin irin su Africa Magic. Sai dai reshen Legas ƴan Najeriya da Ghana yake ɗauka. Na san a garin iyaka irin namu akwai mai raɗa wa yaro ya nemi takardar can. Kada ka yi. Sunan da za ka gina sana'a a kansa bai kamata ya fara da ƙarya ba. Haka kuma tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar Francophonie a Maris ɗin 2025, duk sanarwar da kuɗinta ya fito ta wannan ɓangare, fara duba jerin ƙasashen da aka yarda su nema kafin ka ɓata mako kana rubutu. Shirin da ke tsaye a kan ra'ayin mai kuɗi yana iya gushewa dare ɗaya. Ko a Amurka, a Oktoban 2022 kamfanin Warner Bros. ya sanar da rufe shirinsa na rainon daraktoci, sai da ƙungiyar daraktoci ta DGA ta tuna masa yarjejeniyar da ke tsakaninsu ya janye.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Idan burinka fim mai dogon zango da Hausa ne, kuma ba ka da bak, lokeshan ce makarantarka, a Kano ko a wurin masu shiryawa na nan gida, kuma ka nemi kujerar kontiniti, kada ka yarda a bar ka a ɗaukar kaya. Idan kina da bak kuma gida za su iya, ki fara da makaranta, ki yi hutunki a lokeshan; takardar za ta buɗe miki ƙofar tasha da ta ɗakunan horo na waje, lokeshan kuma ta ba ki saurin hannu. Idan aure ko jiki ya ɗaure ka a gari, tasha. Ɗakunan horo na Wagadugu da Durban kuwa a bar su sai an yi gajeren fim ɗaya ko biyu. Wanda ya fara da su yakan tara takardun shaida a bango ba tare da kashi ɗaya da aka nuna ba.

Tunda hanyar ubangida ce za ta ɗauki mafi yawan mutane, ita ya kamata a gyara, kuma gyaran ba ya buƙatar kuɗin kowa. Abin da Female Forward ta rubuta a takarda, ana iya faɗinsa da baki a gaban shaidu, yadda ake yi idan za a kai yaro koyon ɗinki ko gyaran babur. Babba ne zai kai ka, ba kai kaɗai za ka je ba. Bayan gaisuwa ya ce: "Malam, ga ƙanenka na kawo maka amana. Ya yi maka zango biyu a duk inda ka sa shi. In ka ga ya yi hankali, a zango na uku ka ba shi kashi ɗaya ya ja, kana tsaye a bayansa, a sa sunansa." Wanda ya ji wannan ya ce sai dai a bar wa Allah, ba tare da ya ɗauki alkawarin komai ba, ka riga ka san amsarsa. Wanda ya ce zango biyu ya yi kaɗan, a yi uku, shi ne mai niyya.

Ga mace sharuɗɗan sun ƙaru, kuma ba abin kunya ba ne a faɗe su ɗaya bayan ɗaya: a ina za ta kwana, da wa, ƙarfe nawa ake tashi, wace babbar mace ce a cikin tawagar da za ta kai wa ƙara idan wani ya wuce gona da iri. Kada a kai mace ɗaya tilo cikin maza talatin. A kai biyu. Iyayen da ke ɗari-ɗari ba jahilci ke damunsu ba. Sun ji abin da ya samu Zalika Souley, jarumar farko ta finafinan Nijar, wadda jama'a suka kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu, ta sha zagi a titi saboda aikinta. Ƴar da ke son shawo kan mahaifinta ta zo masa da abin da zai iya dubawa: "Baba, ga sunan wanda zai koya mini, ga lambarsa, ga gidan Hajiya inda zan sauka, Yaya zai raka ni ya gani da idonsa." Uba ya fi saurin yarda da abin da ke da adireshi. Kurma kuwa, wanda idonsa ya fi na kowa kama motsin fuska, abin da yake buƙata mataimaki ne mai jin maganar hannu, kuma makarantar kurame ta garin nan ba ta rasa irinsu.

Sauran magana ta masu shirya finafinai na Maraɗi ce, waɗanda ke fitar da kashi kowane mako a YouTube. Ku ne kuke da abin da Wagadugu ba ta da shi, wato shirin da ke gudana da masu kallo da ke jira. Zango mai kashi 13 ba zai rushe ba don an ba sabon hannu kashi ɗaya. A zaɓi wanda fitowarsa ba ta da taron jama'a da yawa, a ba mai koyo senariyo mako biyu kafin ɗauka, ya zo da jerin hotunan da zai ɗauka a rubuce, babban darakta ya zauna kusa da allo ya yi shiru sai in an tambaye shi, a bar shi kuma ya zauna da mai montaj har a gama. A zango na gaba a ba mace, na bayansa a ba ɗan ƙauye ko Bafulatani, kuma a bar shi ya gyara yadda aka rubuta mutanensa a labarin.

Kai kuma mai nema, ko wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa, abu ɗaya za a fara tambayarka: me ka yi? Ka tanadi fim na minti biyar, ƴan wasa biyu, wuri ɗaya, labari mai farko da ƙarshe. Waya ta isa ɗaukar hoton, amma ka ari makirfo, domin rashin sauti ne ke kashe yawancin ayyukan masu tasowa tun a minti na farko. Ka ɗauka da sassafe kafin hayaniyar kabu-kabu ta tashi, ka sa fassarar faransanci a ƙasan hoto, ka ajiye kwafi ɗaya marar nauyi da zai iya wucewa ta WhatsApp ko reso ba shi da ƙarfi.